Faifan da Abdullatif Ya Zaɓa wa Fahad

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a garin Dutsin-Ma, sunansa Abdullatif. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a layin da ɗaliban jami'a ke bi in za su kasuwa, amma duk kwamfutar da ta gagari masu gyara, a kan teburinsa take ƙarewa.

Abin da ya fito da sunansa kuwa wani aiki ne da ba kowa ke kusantarsa ba.

Akwai wata babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, da masu tace bidiyo ke mutuwar so. Sai dai kamfanin da ya yi ta, don na'urorinsa kaɗai ya yi ta, su kuwa na'urorin sun fi ƙarfin aljihun talaka. Shi ya sa masu dabara ke sayo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, su haɗa kwamfuta da hannunsu, sannan su lallaɓi manhajar ta zauna a kai.

Lallaɓawa ce ta gaske. Manhajar nan kamar baƙon da ba ya cin tuwon kowane gida take. Ka sa mata katin hoton da ba ta sani ba, allo ya yi baƙi ƙirin. Ka gyara hoto, sauti ya ɗauke. Ka samo sauti, ta ƙi shiga intanet. Wata rana komai ya tafi daidai, ka bar kwamfutar ta ɗan yi barci, ta ƙi farkawa.

Abdullatif ya sha wannan wahala shi kaɗai, har ya san halin kowane ƙarfe. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne wani faifan ajiya, ɗan siririn nan da bai fi tsawon yatsa ba, inda kwamfuta ke adana duk abin da aka zuba mata. Faifan mai sauri ne, lafiyarsa ƙalau a kan sauran kwamfutoci. Amma da wannan manhaja ba sa shiri. Zai karɓe ta lami lafiya, ya yi ta aiki kamar mutumin kirki, sai ranar da aka ɗora masa aiki mai nauyi ya sandare, wani lokaci har ya tafi da abin da ke cikinsa.

Abdullatif ya yi makonni yana zargin katin hoto da wutar lantarki kafin ya gano mai laifin. Ranar da ya gane, don haushi ya cire faifan ya yi jifa da shi har ƙofar shagon maƙwabcinsa Audi, mai sayar da caja da gilashin waya.

Yana da aboki ɗan Kurfi mai suna Fahad. Tare suka yi makarantar koyon kwamfuta a Katsina, amma Abdullatif ya girme shi, don haka Yaya yake kiransa. Da Fahad ya buɗe nasa shago a Kurfi, duk Asabar yakan hau babur ya zo Dutsin-Ma, ya zauna a kan benci yana kallo yana tambaya. A lokacin Abdullatif bai ɓoye masa komai ba. Daɗi ma yake ji, a ce yau shi ne malami.

Sai dai Allah ya yi wa Fahad abin da bai yi wa Abdullatif ba: baki da fara'a. Ya fara ɗaukar gajerun bidiyo yana bayanin gyaran kwamfuta da Hausa, yana dariya, yana sakawa a shafinsa. Kafin damina ta zagayo, daga Katsina har Funtuwa ana kiran wayarsa.

Wata safiya Audi ya leƙo shagon da waya a hannu.

"Injiniya, ka ga yaronka kuwa? Wai yanzu shi ma Injiniya Fahad ake ce mashi. Dubi masu yabo, kamar an buɗe famfo."

Abdullatif ya karɓi wayar. Ga Fahad yana bayanin yadda ake shiga saitin cikin kwamfuta a kashe wasu abubuwa kafin manhajar ta yarda ta tashi. Kalma da kalma abin da ya koya masa ne, a kan wannan bencin da Audi ke jingine da shi.

"Madalla," in ji shi, ya miƙa wayar.

"Madalla kawai? Kai ka shuka, wani na ta girbi."

"Audi, ina da aiki."

Amma bayan Audi ya fita, bai yi aikin ba. Ya ɗauko tasa wayar, ya bi maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman inda aka ambaci sunansa. Fahad ya rubuta a ƙasa cewa wurin yayansa na Dutsin-Ma ya koya. Ba wanda ya tanka wa wannan layin. Kowa Fahad, Fahad.

Daga ranar abin ya zama masa kamar ƙaiƙayi. Da ya idar da sallar asuba sai shafin Fahad. In ya ga an yabe shi, shayin ma ba ya masa daɗi. In ya ga wani ya yi masa gyara, sai ya ji wani sanyi a ransa da shi kansa yake jin kunyarsa.

Matarsa Rahmatu ta lura.

"Abban Sumayya, wai me Fahad ya yi maka ne? Da in an ambace shi murmushi kake, yanzu sai ka haɗe rai."

"Me zai yi mani? Yaron da ni na koya ma riƙe sukudireba?"

"To ai abin alfahari ne."

Ya ture kwanon abincin ya tashi.

Ana cikin haka sai babban labari ya zo, kuma Audi ne ya kawo shi. Wata 'yar kasuwa a Kurfi, Hajiya Batula, za ta buɗe cibiyar koya wa 'yan mata tace bidiyo da zanen kwamfuta. Tana son ɗaki guda cike da kwamfutoci masu wannan manhaja. Ta ce a fara haɗa mata guda ɗaya ta gwaji, in kwamitinta ya gamsu a yi sauran. Kuma Fahad ta ba aikin.

Abdullatif ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Shekara da shekaru yana mafarkin irin wannan aiki. Daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma tafiyar da ba ta kai a gaji ba, amma a ce Hajiya ba ta ji sunansa ba?

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Fahad ne, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yaya, ina Kano wajen masu kayan kwamfuta. Na samu komai yadda ka saba faɗa mani, babban allon ciki da katin hoto da katin intanet. Faifan ajiya ne ya rage. Ga iri biyu a gabana, bari in karanto maka lambobinsu."

Ya karanto na farko. Faifai ne mai lafiya, Abdullatif ya sa shi a kwamfutoci da yawa.

Ya karanto na biyu. Abdullatif bai bari ya kai ƙarshe ba ya gane shi. Irin wanda ya yi jifa da shi ne.

"Mai shagon ya ce na biyun ya fi sauri," in ji Fahad. "Amma na ce ba zan taɓa ba sai na ji daga bakinka. Wanne zan ɗauka?"

Abdullatif ya dubi titi. Wata akuya na cin ɓawon lemo a bakin kwata. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gaskiya, kuma ya san ta. Sai wata murya a ransa ta ce, ai ba kashe shi za ka yi ba. Kwamfutar za ta ɗan ba shi kunya ne kawai, Hajiya ta gane akwai na gaba da shi, a zo a neme ka.

"Ɗauki na biyun," ya ce.

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni kake tambaya ko na tabbata?"

Fahad ya yi dariya. "Tuba nake. Allah ya bar mana kai."

Da ya ajiye wayar, ya kasa komawa kan aikin da ke gabansa. Ya ce wa kansa zafin garin ne.

Makonnin da suka biyo baya, Fahad ya yi ta kira. Manhaja ta hau. Sauti ya ƙi fitowa ta lasifika, Abdullatif ya faɗa masa lambar da zai canza, sauti ya fito. Ramukan da ake soka filas a gaban akwatin sun ƙi aiki, ya koya masa yadda zai nuna wa manhajar su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan da gaskiya ya taimaka, har da ƙari, kamar mai wanke hannu ɗaya yana ɓoye ɗayan a aljihu.

Sau ɗaya Fahad ya ce, "Jiya ta ɗan tsaya cak, sai da na kashe na kunna. Ina jin wuta ce ta yi ƙasa."

"Wuta ce," in ji Abdullatif.

Ranar da za a nuna wa kwamiti kwamfutar, Fahad ya matsa masa lallai sai ya zo. Abdullatif ya sa sabuwar shadda ya hau babur. An yi ruwa da asuba, gero ya yi kore shar a dama da hagu na hanyar Kurfi, amma shi bai ga ko ɗaya ba. Lissafi yake yadda zai tashi a natse bayan kwamfutar ta ba da kunya, ya ce, "Bari in duba maku."

Cibiyar ɗaki ne mai faɗi da sabon fenti. An jera kujeru, 'yan kwamiti a gaba, 'yan mata masu son shiga a baya. Kwamfutar na kan tebur, an haɗa ta da babban allo. Abdullatif ya nufi kujerar baya, Fahad ya riƙo hannunsa ya kai shi sahun farko, kusa da Hajiya Batula.

Bayan addu'a, Fahad ya miƙe.

"Jama'a, kafin a kunna, ina da magana. Ana ta cewa Fahad ya haɗa kwamfuta. Ni dai na ɗaure ƙusoshi. Amma duk ƙarfen da ke cikin akwatin nan, babu wanda na saya sai da wannan bawan Allah ya ce in saya. Shi ya koya mani aikin nan tun ban san komai ba. Tun ranar da Hajiya ta kira ni na faɗa mata, in gwaji ya yi kyau, sauran kwamfutocin da kula da su a ba Yaya Abdullatif, ni in zama mataimakinsa. Ta amince. Na ɓoye mashi ne don in ga fuskarsa yau."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Hajiya Batula ta juyo tana murmushi.

"Malam Abdullatif, yaron nan ya cika mani kunne da sunanka. Ga shi Allah ya haɗa mu."

Abdullatif ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode, Hajiya." Gumi ya fara bin bayansa a cikin sabuwar shaddar.

Sai Hajiya ta gabatar da Mardiya, wata budurwa 'yar garin da ta koyi tace bidiyo a waya, wadda za ta zama malamar farko a cibiyar. Ta ce Mardiya ta ari kyamara ta je ƙauyen Barkiya ta ɗauki matan da ke surfe da niƙan gero. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inno, da ta zauna ta ba da labarin garin tun zamanin ƙuruciyarta, har ta rera waƙar niƙa da ba wanda ya iya ta yanzu.

"Allah ya yi wa Inno rasuwa bayan ɗaukar da 'yan kwanaki," in ji Hajiya. "Mai kyamara kuma ya karɓi abinsa ya goge katin ya tafi ɗaukar biki. Yanzu muryar Inno babu ta a ko'ina a duniya sai cikin wannan akwati. Mardiya ta gama tacewa. Za ta fitar da fim ɗin gaba ɗaya a gabanku, ku ga saurin na'urar da idonku, sannan mu kalla."

Abdullatif ya ji kunnuwansa sun yi ɗum. Fitar da fim gaba ɗaya, shi ne ainihin aiki mai nauyin da faifan ba ya ɗauka.

Mardiya ta zauna ta kama linzamin kwamfutar. Tsakaninsa da ita taku kaɗan ne. Zai iya miƙewa ya ce a dakata, a fara kwafe komai zuwa wani wuri. Amma in an ce don me fa? A gaban mutanen da suka gama tafa masa? Ya ce a ransa, wataƙila ta wuce lafiya. Ai wani lokaci takan wuce. Ya shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, yana roƙon Allah ya tsare shi daga abin da shi da kansa ya haƙa.

Mardiya ta danna.

Wani ɗan layi ya fara cika a allo, yana tafiya da sauri. Wani dattijo a kwamitin ya ce, "Kai, tubarkalla." Layin ya wuce rabi.

Sai ya tsaya.

Mardiya ta motsa linzami, kibiyar ba ta motsa ba. Allon ya yi duhu, wasu ƙananan rubuce-rubuce farare suka zubo, kwamfutar ta mutu ta sake kunna kanta. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta nuna wata alama mai cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba.

Mardiya ta dafe baki da gefen hijabinta.

"Fim ɗina," ta ce a hankali. "Inno."

Duk idanu suka juyo kan Abdullatif. Ba shi ne aka ce ya zaɓi komai ba?

"Malam Abdullatif, me ya faru?" in ji Hajiya.

Kafin ya haɗa kalma, Fahad ya shiga tsakani.

"Hajiya, laifina ne. Kayan ba su da matsala, tunda Yaya ya zaɓa. Wajen haɗawa ne na yi kuskure a wani wuri. A ba ni lokaci."

Abdullatif ya ji wannan, ya kuma yi shiru. Wannan shirun ya fi na farko nauyi, amma ya yi shi.

Taro ya watse ba a ko taɓa lemon da aka jera ba. A gida Rahmatu ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce kansa ke ciwo.

Washegari da safe sai ga Fahad a ƙofar shago, ya ɗauro kwamfutar a bayan babur da igiyar roba, ya lulluɓe ta da leda saboda yayyafi. Idanunsa sun yi ja.

"Yaya, na kwance na ɗaura, na canza waya, na duba katin hoto, ban ga komai ba. Mardiya ko abinci ta ƙi ci. Ka taimake ni."

Suka buɗe akwatin a kan tebur. Abdullatif ya kwance 'yar ƙusar da ke riƙe da faifan, ya zaro shi. Daidai nan Audi ya shigo neman canjin kuɗi, idonsa ya sauka a kan abin da ke hannun maƙwabcinsa.

"A'a! Injiniya, wannan ɗan banzan ya dawo? Ba irinsa ba ne ka yi jifa da shi bara har ya kusa fasa mani gilashi? Mai farar takarda a baya, ai ni na tsince shi. Kai da ka rantse ko kyauta aka ba ka ba za ka ƙara sa shi a irin wannan aiki ba?"

Audi ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ja da baya ya fice ba tare da canjin ba.

Fahad ya daɗe yana kallon faifan.

"Yaya, ka sani?"

Abdullatif ya nemi ƙarya, ya rasa wadda za ta tsaya da ƙafarta.

"Na sani."

"Ranar da na kira ka daga Kano, ka sani?"

"Na sani."

"Da na ce maka ta tsaya cak, ka ce mani wuta ce?"

Abdullatif ya sunkuyar da kai.

Fahad bai ɗaga murya ba. Da ya yi zagi ma da ya fi sauƙi.

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi mani komai ba. Ni dai in na ga ana yabonka, sai in ji kamar daga jikina ake yankowa ana ba ka."

Fahad ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda likita ya faɗa wa sunan cutar da bai taɓa ji ba.

"Ni kuwa duk yabon da aka yi mani, ɗauka nake namu ne." Ya ɗauki makullin babur ɗinsa. "Ga kwamfutar nan. Ba don ni ba, ba don kai ba. Ka ceto wa yarinyar nan abin da zai cetu."

Ya fita cikin yayyafin, ko ledar bai ɗauka ba.

Abdullatif ya rufe shago ga kowa. Ya haɗa faifan da wata kwamfutar dabam mai manhajar da ke jituwa da shi, ya shiga tsamo fayiloli ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar hatsi a cikin yashi. Kwana da kwanaki yana kai. Matan da ke surfe sun dawo. Hoton kasuwa ya dawo. Shanu a bakin rafi sun dawo. Amma fayil ɗin Inno, wanda kwamfutar ke cikin karantawa lokacin da ta faɗi, ya lalace. Duk dabarar da ya sani ya gwada. Abin da ya samu ɗan guntu ne, hoto ba sauti.

Ya sa faifai mai lafiya, ya sake ɗora manhajar, ya gwada ta da aiki mai nauyi har ya tabbata ba za ta ƙara faɗuwa ba. Sannan ya faɗa wa Rahmatu komai. Ta ce, "To ka je ka cire sunan yaron mutane daga cikin laifinka."

Ya ɗaura kwamfutar a babur ya nufi Kurfi.

Ya tarar da Hajiya Batula da Mardiya a cibiyar. A tsaye ya yi bayani, bai rage komai ba, bai kuma ce Shaiɗan ne ba. Mardiya ta juya masa baya. Hajiya ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Abdullatif, na gode da ka wanke Fahad. Amma ni 'ya'yan mutane zan tara a nan. Wanda ya iya aiki ana samu. Wanda zan ba amana in juya baya nake nema. Ka haɗa mana na'urar, ka tafi."

Yana durƙushe yana haɗa wayoyi sai aka yi sallama. Wani dattijo ne da rawani da takalmin roba duk laka, ya jingine keke a waje. Sunansa Garba, ɗan marigayiya Inno. Ya ji an ce an ɗauki mahaifiyarsa a na'ura, shi ne ya taso tun daga Barkiya ya gani.

Mardiya ta dubi Hajiya. Hajiya ta ce, "A nuna mashi abin da ke akwai."

Aka kunna. Ga Inno zaune a kan tabarma a gindin bishiya, dutsen niƙa a gabanta. Tana magana tana nuni da hannu. Can ta yi dariya har ta dafe ƙirji, sannan ta lumshe ido, bakinta ya fara motsi a hankali, kanta na rausaya. Waƙar ce take rerawa. Ba a jin komai sai ƙarar fankar kwamfuta.

Garba ya matso har ya kusa taɓa allon.

"A ɗan ƙara murya, 'yata. Ba na ji."

"Baba, babu muryar," in ji Mardiya, hawaye na zubo mata. "Na'urar ta samu matsala. Wannan kaɗai aka iya cetowa."

Hoton ya ƙare. Garba ya roƙa a maimaita, aka maimaita. Ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Ba komai. Haka Allah ya so. Na dai ga fuskarta, har dariyarta na gani. Wa ya ceto wannan ɗin?"

Sai ya ga mutum durƙushe da wayoyi a hannu, ya nufe shi ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai ne ko? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yadda ka faranta mani, Allah ya faranta maka. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi mana."

Abdullatif ya so ya ce amin, harshensa ya ƙi. Ya tsaya hannunsa cikin na dattijon, yana jin kaushin tafin manomi, har Garba ya sake shi ya fita ya hau kekensa.

Aikin cibiyar Fahad ne ya yi shi, shi da wani abokin sana'a daga Katsina, kuma ya yi kyau. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ko a shafinsa bai yi habaici ba. Da Abdullatif ya je har gida neman gafara, ya ce ya yafe, kuma da gaske yake. In sun haɗu a ɗaurin aure ko ta'aziyya, yakan miƙo hannu ya ce, "Yaya, ina wuni, ya iyali?"

Amma daga ranar bai ƙara tambayarsa komai ba. Ko da sunan ƙusa ne.

Darasi: Mai hassada yana zaton wani yake haƙa wa rami, bai san a gonarsa yake haƙawa ba, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke fara faɗawa. Wanda ya tambaye ka shawara amana ya ɗora maka. Ko ka faɗa masa gaskiya, ko ka ce ba ka sani ba. Ɗaukakar ɗan'uwanka ba ta rage maka komai, wataƙila ma rabonka ne yake ɗauke da shi yana nufo ka. Ana iya yafe maka, amma yarda in ta fashe ba ta komawa yadda take. Ka tura wa wani wannan labari, ko Allah zai sa ya tsayar da harshen wani kafin ya ce "ɗauki na biyun."